Motar da Ban Sallama Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin dillancin motoci masu aiki da lantarki, wanda ya buɗe reshe a Dutse bara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka barka da aiki da barka da damina. Ban kira sunan kamfaninka ba, ko da yake yana nan da manyan haruffa a bayan farar motar da ke fake a gidana. Ban zo ɓata wa kowa kasuwa ba, kuma ba ni da niyyar yi wa kowa talla kyauta. Kai ka san kanka, mutanen Dutse kuma sun san rumfar gilashin nan.

Sunana Malam Yusha'u Adamu, ina zaune a Limawa. Na koyar da kimiyya a makarantun sakandare shekara goma sha biyar, daga baya na zama jami'in duba makarantu har na ajiye aiki. Na je ofishinku sau uku, na kuma bar takarda da rubutun hannuna a wurin mai gadi. Ban sami amsa ba. An ce mini ba ka zama a Dutse, kuma abin da bai shigo wayarka ba bai same ka ba. Shi ya sa na fito da maganar fili, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

Ga maganar a taƙaice. A bayan rumfarku akwai fili da aka kewaye da waya, inda kuke tara tsofaffin motocin da mutane suka ba ku musaya. A cikinsu akwai wata mai dogon baya, ruwan toka, an shafa mata lamba da jan fenti a gilashin gaba. An gaya mini ranar Asabar ta ƙarshen watan nan 'yan gwangwan za su zo daga Kano su yanka motocin da wutar gas, su loda su a tirela. Wannan mai ruwan tokar tawa ce. Ban sayar da ita ba, kuma akwai aikin da ya rage mata.

Na farko: yadda ta shigo hannuna.

Na saye ta shekara biyar kafin a ƙirƙiro mana jiha, muna ƙarƙashin Kano. Ƙirar Faransa ce, irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna a wancan zamani, mai kujera layi uku. Mai ita wani dattijo ne, babban ma'aikacin gandun daji da ya ajiye aiki, shekararsa biyu da ita. Ban je ni kaɗai ba, domin a lokacin ba a zuwa sayen mota sai da bakanike, kamar yadda ba a zuwa neman aure sai da manya. Na tafi da Ɗanlami, ɗan garinmu ne can bayan Kiyawa. Tare muka yi kiwon awaki, ni aka kai ni boko, shi aka kai shi gareji.

Kwana uku muka yi muna cinikin. Ranar farko ko farashi ba a ambata ba. Ɗanlami ya buɗe bonet, ya sa aka tayar da ita, ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido kamar mai sauraron karatu. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa don ya ga ko zai yi baƙi. Sannan ya shige ƙarƙashinta da rigarsa ta Juma'a. Da ya fito sai ya taka mini ƙafa. Alamar da muka shirya ke nan tun a hanya.

Rana ta biyu mai motar ne ya titsiye ni. Ina zan riƙa zuwa da ita, wa zai riƙa duba ta, ina da rumfa ko a rana za ta wuni. Daga baya na ji wani ɗan tasha ya taya ta sama da yadda na taya, dattijon ya hana shi, ya ce ba zai yarda ya ga motarsa tana lodin Maiduguri da mutum goma a ciki ba. Rana ta uku, a gaban shaidu biyu, ya miƙo mini mabuɗai guda biyu a zare ɗaya, ya ce, "Na sallama maka, Allah ya tsare hanya." Aka shafa fatiha, ya juya ya shige gida da sauri don kada ya ga fitarta.

Yallaɓai, a ƙasar nan ko akuya ce, ciniki bai faɗa ba sai mai ita ya buɗe baki ya sallama. Kowace tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Shuwarin ta san wannan.

Na biyu: abin da ta zama.

Da ita na yi aikin duba makarantu, a kan burji da yashi, tsakanin Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Tana da wata ƙara tata, kamar tsoho yana gyaran murya, wadda ake ji tun daga nesa. Hedimastoci da yawa sun tsira da aikinsu saboda ƙarar nan, domin kafin in iso an share aji, an rubuta kwanan wata a allo, malamin da ke gona ya wanke ƙafa ya kama alli. Mutanen ƙauye kuwa da sun ji ta sai su fito bakin hanya, wannan da wasiƙa, wancan da marar lafiya. Da aka ba mu jiha, ita ta kwaso mu daga Kano sahu huɗu, da gadaje da tukwane da littattafaina, lokacin da samun ɗakin haya a Dutse ya fi samun aiki wuya.

Amma ba wannan ne ya sa nake rubuto maka ba. Mutanen garinmu ba sa yarda a binne nasu a wani wuri. Duk inda mutum ya cika, gida ake mai da shi, kusa da iyayensa. Idan ɗan garinmu ya rasu a asibiti a Dutse, gidana ake fara zuwa. Tun da daɗewa Ɗanlami ya gyara kujerun baya yadda noti huɗu kawai za ka kwance su fita, ya yanko katako daidai tsawon wurin, yadda makara za ta shiga a rufe ƙofa ba tare da an karkata mamaci ba. Ban taɓa karɓar ko kuɗin mai ba, kuma ban taɓa ƙirga mutum nawa ta kai gida ba. Abin da ba a ƙirgawa ne.

Shekara shida da suka wuce ta kai mai ɗakina. Mutane suka ce in bar wani ya tuƙa, na ƙi. Shekara talatin da ɗoriya tana zaune a kujerar gefena tana ce mini in rage gudu, ran nan kuwa na bi maganarta tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gidan mahaifinta. A hanyar dawowa, ni da Ɗanlami kaɗai a motar, har muka yi nisa. Sai ya dafa gaban motar ya ce, "Malam, ni ma in tawa ta zo, a wannan za ka kai ni. Kada ka bari a loda ni a bayan a-kori-kura kamar buhun gero." Na tambaye shi in ni na riga shi fa. Ya ce to shi zai tuƙa ni, ko da lasisinsa ya mutu tun zamanin soja. Muka yi dariya, dariyar farko da na yi a ranar, muka tafa. Alkawari ne, kuma Allah ya ji.

Na uku: yadda ta bar gidana.

Bayan ƙaramar Sallah aka yi mini aikin yanar ido a Kano, na kwana goma sha biyu a gidan 'yata Binta. Ina da ɗa, shi ne na fari, yana aiki a Abuja. Ba zan rubuta sunansa ba, domin ban taɓa kiransa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Mahaifiyata Bafulatana ce, a hannunta na tashi, kuma a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a yabonsa a gaban jama'a, ba a roƙonsa komai. In ya zo gaishe ni ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri. Duk abin da zai gaya mini ta bakin mahaifiyarsa yake bi, da ta rasu ya koma ta bakin Binta. 'Yan zamani za su ce ƙauyanci ne. Wataƙila. Amma mun kusa shekara hamsin a haka ba mu taɓa saɓawa ba, sai da tallarku ta shiga tsakani.

Ɗan nawa ya ga sanarwarku cewa mutum ya kawo tsohuwar mota, ya yi ciko, ya karɓi sabuwa mai caji. Ya daɗe yana damuwa da yadda fetur ke cinye mini fansho tun da aka janye tallafi. Tun da ba zai tambaye ni da kansa ba, sai ya sa ƙanwarsa ta ji ta bakina. Ita kuma ba za ta iya duban idon ubanta ta ce masa ko zai rabu da motarsa ba, sai ta zagayo. Tana ɗiga mini magani a ido ta tambaye ni yadda nake ganin motocin nan masu caji.

Yallaɓai, ka yi tunanin tsohon malamin kimiyya da ya shekara ashirin ba wanda ya yi masa tambayar kimiyya. Na gyara zama. Na yi mata bayanin batir, da maganaɗisu, da yadda waya in an naɗe ta aka sa mata wuta take juya ƙarfe, har shayina ya huce. Na ce mata nan duniya ta dosa, na ce da ina da ƙuruciya da na so in ga cikin injin ɗin da idona. Ta fita tsakar gida ta buga wa wanta waya, ta ce Baba ya ƙyasa.

Wannan kuskuren namu ne, na yarda, ban ɗora muku shi ba. Naku shi ne abin da ya biyo baya. Mutanenku suka zo gidana da takarda mai sa hannunsa, aka ɗauko musu mabuɗi daga ƙusar da ke bayan ƙofa, suka buɗe aljihun gaban motar suka ciro takardunta, suka tuƙa ta suka tafi. Ba wanda ya tsaya ya karanta sunan da ke kan takardun. Sunana ne. Ba wanda ya tambaya ko mai sunan yana raye, ko yana ina, ko ya sani.

Na dawo da baƙin tabarau a fuska, na tarar da ƙofar gidana cike da maƙwabta, har da limamin masallacinmu. Ga farar mota a rumfa an ɗaura mata ƙyalle. Kowa yana cewa Allah ya ba mu 'ya'ya irin na Malam. Me zan yi? Na ɗaga hannu na sa masa albarka a gaban kowa, kuma har zuciyata na sa ta. Na ɗauka tsohuwar an matsar da ita wani wuri ne don a sami fili. Sai bayan la'asar, da jama'a suka watse, na tambayi Binta inda aka ajiye ta. Ta sunkuyar da kai.

Na huɗu: zuwana ofishinku.

Jami'in cinikinku mutum ne mai ladabi, ba ni da ƙorafi a kan gaisuwarsa. Zuwan farko ya juyo mini fuskar kwamfuta ya ce ciniki ya riga ya rufe a na'ura. Na tambaye shi ko na'urar ta ji lokacin da na sallama. Ya yi dariya, ya ɗauka raha nake yi, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

Zuwa na biyu na roƙa a bar ni in gan ta. Aka bar ni, daga bayan waya. Tayar gaba ta sace. Madubin gefe da Ɗanlami ya ɗaure da jar waya yana nan yadda yake. Tagar baya ta hagu a buɗe take, ruwan sama yana shiga, domin ba ta rufuwa sai an tallafi gilashin da tafin hannu ana murɗawa, kuma ba wanda ya san haka a wurin. Na gaya wa mai gadi, ya ce ai Baba duk yankawa za a yi.

Zuwa na uku na kai takardar shaidar cewa tawa ce. Jami'in ya duba, ya yarda, ya shiga ciki ya yi waya, ya fito da fara'arsa kamar ya samo mini mafita. Ya ce, "Baba, ai abin mai sauƙi ne. Wanda ya sa hannu shi zai rubuto ya janye, ku dawo mana da sabuwar, ku ɗauki taku. Kira ɗaya ne, ka kira shi mana."

Yana nufin in ɗauki waya, ni da bakina, in gaya wa ɗan da ban taɓa roƙonsa komai ba cewa kyautar da ya tara guminsa ya yi mini, wadda unguwa duka ta shaida, liman ya yi mata addu'a, ba na so, a zo a ɗauke ta a gaban mutanen da suka taya ni murna. Da wane ido zai sake shigowa Limawa? Na ɗauki hulata na fito. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jami'in nan Bahaushe ne, na ji a harshensa ɗan ƙasar Haɗeja ne, kuma na tabbata kakansa zai gane abin da shi bai gane ba.

Na biyar: ra'ayina a kan hajarku, tun da an riga an yanke mini hukunci da shi.

Kada a ce tsoho ne mai gudun zamani. Na zana injin lantarki a allo kafin a haifi yawancin ma'aikatanka. Na tuƙa farar motar sau biyu, kuma zan faɗi gaskiya: tana tafiya kamar kwalekwale a ruwan da ba iska, ba hayaƙi, ba wari. Masu adaidaita da suka koma mai caji sun gaya mini yanzu suna komawa gida da abin cefane. Na yi murna da wannan. Ga mai zirga-zirga tsakanin sakatariya da Yalwawa, a kan kwalta, ban ga abin da ya fi ta ba.

Amma ku da kuke sayarwa, kun taɓa kwana a gidajen da kuke kai wa? Wutar unguwarmu baƙuwa ce da ba ta faɗin ranar zuwanta. Na jona motar ranar Litinin, ba ta ƙoshi ba sai Laraba. Wani maƙwabcina ya ba ni shawara in sayo fetur in tayar da janareta in yi mata caji, wato in ƙona mai don in ciyar da motar da aka ce ba ta shan mai. Garinmu kuwa akwai turakun wuta amma ba wutar, suna nan tsaye tun ina aiki, shanu suna soshe-soshe a jikinsu. In na je da ita, da me zan dawo? Tsohuwar motar kuwa jarkar mai ɗaya ce a but, in ta ƙare ko a ƙauyen da ya fi kowane lungu akwai mai sayar da fetur a kwalba.

Ga hanya. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa garinmu, da damina akwai wurare uku da ruwa ke kwanciya. Cikin motarku a ƙasa yake, kuma an ce batirin a nan yake shimfiɗe. Na tambayi jami'inku ko zan iya ratsa ruwa da ita, ya ce gara in kauce. Ban san ta inda ake kauce wa hanyar garinmu ba.

Ga shirunta. Tumakin Limawa sun shekara talatin suna tashi daga titi in sun ji ni tafe. Ran da na fito da farar, suna kwance suna tuƙa har na kusa taka wata, mai ita ta fito tana tambaya ko motar aljanu na sayo.

Ga gyara. Na buɗe bonet ban ga abin da hannu zai kama ba, an rufe komai da baƙar roba. Aka ce kada kowa ya taɓa sai injiniyanku da zai zo da kwamfuta, in wani ya taɓa garanti ya faɗi. To kanikawan garin nan, da suka riƙe motocin jihar nan da sifana da kunne tun ba ta da ko sisi, su ci me? Ba wanda ya kira su ya koya musu komai. Na san wannan salon. Ina aikin duba makarantu na ga an cike rijiyoyi saboda an kawo famfo, famfon ya ƙafe a shekara biyu, yara suka koma ɗibar ruwa a kududdufi. Mu ba ma jira sabo ya tsaya da ƙafarsa kafin mu binne tsoho, kuma kullum waɗanda suka yanke shawarar ba su ne ke shan ruwan kududdufin ba.

Na ƙarshe a wannan babi, na je masallaci na auna makara da tef, na dawo na kwantar da kujerun farar motar na auna. Ta gaza da taƙi biyu.

Na shida, kuma shi ne dalilin gaggawa.

Ɗanlami yana kwance a asibiti a nan Dutse, yau sati uku. Ƙoda ce. Likitoci sun ce wa 'ya'yansa su dage da addu'a, kai ma ka san ma'anar wannan. Kullum da safe ina zuwa a adaidaita. Gadonsa yana kusa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci, idonsa ya yi rauni amma kunnen nan da ya saurari injuna shekara hamsin bai mutu ba. A satin farko ya ce mini, "Malam, kwana nawa ban ji ta shigo ba." Na ce masa tana hutawa. Ya ce ya sani, kabureta ce, haka take yi duk damina. Ya ce in ƙwanƙwasa ta da sifana sau biyu ta gefen hagu, kada in kuskura in bar yaran zamani su buɗe ta, in ya tashi zai duba. Na ce to. Ni da na sha zane 'ya'yan mutane a kan ƙarya.

Shekaranjiya bai yi zancen kabureta ba. Ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko katakon nan yana nan. Na ce yana nan, kuma wannan karon gaskiya na faɗa, domin yana jingine a zaurena, mutanenku ba su ɗauka ba. Ya ce madalla, ya saki hannuna, ya juya ya yi barci.

Ban san ranarsa ba, Allah kaɗai ya sani, mai yiwuwa ma ya tashi ya binne ni. Amma na san ranar 'yan gwangwan, domin ku kuka sa ta.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ɗaya, ka ba da umarni a cire motar nan daga cikin waɗanda za a yanka ranar Asabar. Wannan ba ya buƙatar taro, magana ɗaya ce daga bakinka. Kafin nan a sa wani ya rufe tagar baya, ya tallafi gilashin da hannu.

Biyu, ku sayar mini da ita a matsayin ƙarfe. Ku ɗora ta a sikeli, abin da 'yan gwangwan za su ba ku ni zan ba ku, ba tare da an taɓa cinikin da ɗana ya yi ba, ba tare da an buga masa waya ba. Farar motar tana nan a gidana. Zan riƙa wanke ta, zan riƙa zuwa masallacin Juma'a da ita don mutane su gani. Ban san wata doka da ta hana mutum sayen gwangwan ba, ko da nasa ne.

Uku, in har na'urarku ba za ta iya wannan ba, to ku ba ni aronta. Tafiya biyu ce ta rage mata, ɗaya tasa ɗaya tawa, ban san wadda za ta riga ba. Bayan nan ku yanka ta, ku yi tukwane da ita, ba ruwana.

Huɗu, wannan ba don ni ba ne. Kada ku sake ɗaukar mota daga gidan kowa sai wanda sunansa ke kan takarda ya tsaya a gabanku ya sallama da bakinsa. Akwai 'ya'ya masu albarka da yawa a Abuja da Legas, akwai kuma tsofaffi da yawa a nan da ba za su iya ce musu a'a ba. Ku kuma kira kanikawan garin nan ku koya musu hajarku tun kafin ta fara tsufa, domin za ta tsufa.

An ce mini irin wannan wasiƙa har a Abuja ana karanta ta. In wani a can ya ci karo da ita, ya sani albarkar da aka sa masa ran nan ba ta fatar baki ba ce, kuma tana nan ba a janye ba. Bai yi laifi ba. Tambaya ce ba a yi ba, kuma ni na koya masa kada ya yi ta. Kada ya ce zai yi wani abu a kai, kada ya buga wa kowa waya. Wannan magana tsakanina da Manaja ce.

Yallaɓai, mabuɗi ɗaya ne a hannunku. Ɗayan yana aljihuna, a zaren da dattijon nan ya miƙo mini shi. Ranar da ta gama aikin da ya rage mata za a kawo muku shi har ofis, ko ni da ƙafata ko wani a madadina, tare da sallamar da ba ku tsaya kun jira ba.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka daga asara, ya raya maka zuri'a. Allah ya ba ka tsawon rai har ka tsufa da wani abu a hannunka da ba ka son a taɓa, ya kuma haɗa ka a ranar da masu tambaya kafin su ɗauka. Allah ya ba Ɗanlami lafiya, in kuma lokaci ne, ya sa ya isa gida yadda ya roƙa.

Wassalam.

Malam Yusha'u Adamu,
tsohon jami'in duba makarantu,
Limawa, Dutse.